Tafiyar Mambila: a tafi cikin marka ko a ɗaga?

Jagoran Tafiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar tafiyarmu ta tsaunin Mambila da ke jihar Taraba ce. Yadda muka tsara, mako na uku na Agusta za mu tashi daga Sakkwato, mu bi Gusau da Zariya, mu yada zango Gombe, mu wuce Jalingo, daga nan Bali, Serti, sai hawa. To tun shekaranjiya ake kira na a gefe. Wasu na cewa a ɗaga saboda ruwa, wasu na cewa in aka ɗaga su sun fita. Ba zan yanke ni kaɗai ba. Kowa ya faɗi nasa a nan gaban kowa, kuma don Allah ban da baƙar magana.

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Yaya Jagora, mi ad dalilin ɗagawa? Ruwa ɗai? Mu da muka kwana cikin ruwa kowace damana nan Mabera, mu za a ba tsoro da ruwa? Ni hwa na riga na ɗauki hutu wurin aiki. Kuma kore nika son gani. In munka bari rani ya yi, mi za mu iskewa can? Busasshiyar ciyawa? Wagga ai muna da ita gida.

Baba Direba: Ɗana, ruwan Mabera tsaye shike, ka naɗe wando ka ratsa. Na dutse gudu shikai. Ba ɗai ba na.

Ɗan Mabera: Baba, ai mota za mu shiga, ba iyo za mu yi ba.

Baba Direba: Motar bisa mi taka tahiya? Bisa hanya. To hanyar ita ruwan ka ci. Tun kana goye nika tuƙi. Abin da nika tsoro cikin malka ba ramin da nika gani ba na, shi wanga ina kauce mai. Wanda ban gani shi aa matsala. Sai ka hangi kwalta lahiya lau, baƙa wuluk, ashe ƙarƙashinta ruwa ya yashe, ɓawo ɗai yar rage. Ka ɗora mata mota cike da mutane sha takwas da kaya, sai ta buɗe baki.

Injiniya: Abin da Baba ya faɗa shi ne karatun da muka yi shekaru muna yi a aji, shi kuma ya koye shi a kan sitiyari. Bari in ɗan faɗaɗa, don mutane da yawa sun ɗauka kwalta ita ce hanya. Kwalta rufi ce kawai. Ƙarfin hanya yana cikin jar ƙasa da tsakuwar da aka zuba aka daddanne a ƙasa. Muddin wannan cikon a bushe yake, zai ɗauki tirela. Da ya sha ruwa ya zama laka, ko ƙaramar mota sai ta lotsa shi. Ruwan kuma ta wuri biyu yake shiga: ta tsagar da ke saman kwalta, da ta gefe inda ya kwanta babu magudana.

Babbar ɓarnar kuwa a bakin kwalbati take faruwa. Hanya idan ta ratsa kwari, cike ƙasa ake yi a ɗaga ta, a bar wa ruwa ƙofa ta ƙasa. Ranar da ƙofar nan ta toshe da yashi da itace da shara, ko ruwan ya fi ƙarfin faɗinta, hanyar ta zama madatsa ke nan, alhali ba a gina ta don ta tare ruwa ba. Ruwa zai taru a gefe guda har ya hau kanta ya zuba ɗaya gefen. To a inda yake zubowa ɗin nan yake fara ci, yana yashe cikon yana komawa baya, har ya bar kwalta a rataye. Shi ya sa direban da ya taho daga ɓangaren da ruwa ya taru ba ya ganin komai sai ruwa kwance a kan titi, ramin yana can gaba a ɓoye.

A kan dutse kuma akwai ƙari. Don a fitar da hanya, yanka jikin tudun ake yi. Idan aka jera kwanaki ana ruwa, ƙasar da ke saman yankan ta ƙoshi ta yi nauyi, sai ta zame gaba ɗaya ta rufe hanya. Kuma sau da yawa ba lokacin da ake tsuga ruwan take zaftarewa ba, sai bayan an ɗauke, mutane sun saki jiki sun fito.

Maman Ummi: Innalillahi. Injiniya ka sa cikina ya ɗuri ruwa. Ni dama tun farko ban so Agustan nan ba, kunya ce ta hana ni magana.

Ɗan Nguroje: Salamu alaikum. Ni baƙo ne a zauren, karatu ya kawo ni jami'ar Ɗanfodiyo, amma a Mambila aka haife ni, don haka bari in sa baki. Da farko in kare garinmu kaɗan: ba a rufe Mambila da damina. Kullum motoci na hawa suna sauka, ana kai kaya Gembu, ana sauko da ganyen shayi daga Kakara, ana cin kasuwa. In dai Gembu kawai kuke son isa, a kan kwalta, da rana, da direban da ya san hawan, galibi za ku isa. Wurin da ake riƙe numfashi shi ne daga Mayo Selbe zuwa sama. Kwana ce bayan kwana, hannu ɗaya jikin dutse, ɗaya hannun rami mai zurfi. Da damina hazo kan sauko ya rufe, ka kunna fitila da rana tsaka amma ba ka ganin motar da ke gabanka. Wani lokaci ka sha kwana ka tarar da dutse ya gangaro ya zauna tsakiyar titi.

Amma ku ba Gembu ce ta kawo ku ba, tattaki kuke so, har na ga ana maganar Chappal Waddi. Wannan kam magana ce daban. Da kun sauka daga kwalta, jar laka ce mai santsi. Tsofaffin Land Rover da kuke gani a hotunan can ba don ado ake riƙe da su ba, su ne ke iya hanyoyin ƙauyukan, su ma da marka sai an tura. Chappal Waddi kuwa mita 2,419 ne, babu tudun da ya kai shi a Najeriya, yana kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa da ɗan jagora, kuma akwai rafuka a hanya da ba su da gada. Rafin da ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, ka dawo da yamma ka tarar ya fi ƙarfin doki. Ni da aka haifa a can ba zan je ba a Agusta.

Ɗan Mabera: To ai sai mu duba sama. In hadari ya haɗu mu tsaya, in gari ya washe mu wuce. Mi aa wahala ciki?

'Yar Arkilla: Ƙanena, wannan maganar taka ce ta sa zan yi magana, da shiru zan yi. Kana ina a 2010? Ina jin kana firamare. Ni ina ɗaliba a mazaunin dindindin na jami'a. Cikin Satumba ne. Abin da ba na mantawa shi ne ranar da ruwa ya yanke hanyar jami'a wajen Kwalkwalawa, ba a cikin ruwan sama muke ba. Muna tsaye rana na dukanmu, muna kallon ruwa ja jawur yana wucewa da karan gero da buhuna da tumaki, yana gatsar bakin titi yana tafiya da shi. Hanyar da muke bi kullum daga Dandima a bas, sai ga mu a kwalekwale, an ce kowa ya zauna kada ya motsa, wata ta rungume takardunta a leda tana ta salati. Ƙarshe rufe makarantar aka yi. Ruwan da ya yi wannan aikin ba a kanmu ya sauka ba. Saboda haka duba sama ba ya gaya maka komai game da abin da ke tahowa ta ƙasa.

Malam na Kanwuri: Gaskiya ta faɗa. Mu Sakkwatawa ya kamata mu fi kowa sanin wannan, domin ruwan da muke samu a shekara bai taka kara ya karya ba, amma muna zaune a mahaɗar gulabe. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso, ya ratsa Gusau, ya bi ta madatsar Bakolori. Rima kuwa tana tattaro Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, wanda ya fita ƙasar Katsina ya shiga Nijar ya sake dawowa. Duk su haɗu a nan kusa da mu kafin su gangara Argungu da Birnin Kebbi. Ana iya kwana ana ruwa a Katsina da Zamfara, mu nan ko ɗigo, bayan kwanaki mu ga fadama ta cika.

Ɗan Mabera: Allah shi gafarta Malam, ai na 2010 dam anka buɗe. Ba ruwan Allah ba na, aikin mutane na.

Injiniya: An buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, haka ne, kuma ƙauyuka da gonaki da yawa a ƙasar Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko har Silame sun sha wuya. Amma ka tambayi kanka me ya sa ake buɗewa. Madatsar nan da aka kammala a 1984 an gina ta ne ta riƙe kimanin kubik mita miliyan 942. Idan ta cika ruwa na ci gaba da shigowa, ko ka sake shi da hannunka, ko ya nemi hanya da kansa. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ya san wanne ya fi muni. Inda ake da ta cewa shi ne a riƙa ragewa da wuri kaɗan-kaɗan, a kuma sanar da na ƙasa kafin ruwa ya iske su a kan tabarma. A nan kam ina tare da kai.

Ɗan Mabera: Yawwa. Kuma hanyoyin ga da ka karyewa, 'yan kwangila na. A karɓi kuɗɗin kwalbati babba a sa ƙarami, a shahwa kwalta awa man shanu bisa burodi, damana guda ta tashi.

Maman Ummi: Kai kuma komai gwamnati, komai ɗan kwangila. Ranar nan da aka yi ruwan dare, da asuba na leƙa, maƙwabciyata ce ta fito da kwandon shara ta juye cikin kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Bakin kwalbatin da ke ƙasan layinmu. Je ka duba shi yanzu, ledar fiya wata da robobin lemo da tsumma sun cushe shi, ko kaza ba ta wucewa. In ruwa ya shiga gidajen mutane kuma a ce gwamnati. Har da masu gini a kan hanyar ruwa, an gaya musu sun ce filinsu ne.

Ɗan Mabera: Anti, to ina motar kwasar shara? In akwai inda za a zuba wa zai kai kwata?

Maman Ummi: Rashin mota bai sa ka toshe wa kanka ƙofa ba.

Jagoran Tafiya: Jama'a mun bar Mambila mun koma kwatar unguwa. A dawo.

Injiniya: Kafin a dawo, dukansu biyu suna da gaskiya, akwai kuma na uku. Yawancin kwalbatocin tsofaffin hanyoyinmu an auna su ne da lissafin ruwan da ake samu shekaru da dama da suka wuce, lokacin da gefen hanya daji ne da gonaki masu shanye ruwa. Yanzu an sare itatuwa, an yi gine-gine, an shafe ƙasa da siminti, kuma ruwan kan zo da yawa cikin ɗan lokaci. Ko an yi aikin tsakani da Allah, ƙofar ta yi wa ruwan yau kaɗan. Ku tuna Agustan 2024 kaɗai: ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Azare, ya kuma karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, mutane suka koma tsallakawa a jirgin ruwa. Ba ƙananan hanyoyi ba ne waɗannan. Tafiyarmu ta ratsa jiha bayan jiha, wuri ɗaya ya isa ya tsayar da mu.

Baba Direba: Kuma in hanya ta yanke gabanka, kak ka ce baya za ka komawa cikin sauƙi. Manyan motoci sun jeru bayanka, ba wurin juyawa. Na taɓa kwana cikin irin wanga layi, ruwan sha ma sai da munka roƙa ƙauye. Ga hanyar Gusau zuwa Funtuwa, kowa ya san ba a son dare shi iske mutum bisanta. In laka ta ci muna awa huɗu da sahe, lissahin isa da rana ya ɓaci.

Abban Sadik: Ni dai ina karantawa ina mamaki. Duk wannan tsoron na mene ne? In kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Mu yi addu'a mu kama hanya.

Malam na Kanwuri: Abban Sadik, addu'a wajibi ce, ko Bodinga za ka. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma wannan tafiya ba jinya za mu kai ba, ba fatauci ba, buɗe ido ne. Abin da za a iya yi a wani watan ba tare da an rasa komai ba, ban ga dalilin kai 'ya'yan mutane cikinsa a mafi hatsarin lokaci ba.

Wani abu kuma, tunda an ambaci wurin. Ƙaramar hukumar da Gembu take sunanta Sardauna, kuma Sardaunan namu ne, Sir Ahmadu Bello. Yankin yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 suka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunansa. Don haka in mun je, a je da natsuwa a gaisa da mutane, ba a shiga gari jiƙe sharkaf ana neman wanda zai jawo mota daga laka ba.

Ɗan Nguroje: Malam ya san mu fiye da yadda na zata. Za ku sha shayi kuwa har ku gaji.

'Yar Arkilla: Ƙarin bayani ga masu ganin ruwa iya gwiwa wasa ne, tunda aikin jinya nake yi kuma muna ganin waɗanda ake kawowa. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da babba. Kubik mita ɗaya na ruwa tan guda ne, ga duwatsu da itace a cikinsa. Sannan a kan tudu babu inda za ka ɓuya wa tsawa, kai ne abu mafi tsawo a wurin. Wanda ya karye a can kuma, kafin a sauko da shi zuwa asibiti ta hanyar da ta lalace, an sha wahala.

Jagoran Tafiya: To na ji. Me za ku ce da farkon Oktoba? Lokacin ruwa ya ɗauke, an fara girbi.

Ɗan Nguroje: Yaya Jagora, wannan lissafin Sakkwato ne. Ku nan ruwa na farawa sosai a Yuni ya ɗauke ƙarshen Satumba. Mu can tun Maris ko Afrilu yake sauka, kuma Oktoba tsakiyar ruwa ce, yakan taɓa har Nuwamba. Abin da ke sauka a Mambila a shekara ya ninka na nan fiye da sau biyu. In kuna son shawarata, ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Rafuka sun ja baya, laka ta bushe, an samu an kwashe abin da ya zaftare a hanya, kuma ciyawa ba ta gama bushewa ba, ba a fara ƙuna sosai ba. Ɗan Mabera zai samu korensa. Sai dai ku zo da rigunan sanyi na gaske da barguna, sanyin dare a can ba irin hunturun da kuka sani ba ne. Kuma in da gaske Chappal Waddi kuke nufi, sai an bi ta ofishin gandun dajin a Serti an nemi izini da ɗan jagora tun kafin a taso.

Ɗan Mabera: Hutuna hwa? Wa zai biya ni shi?

Maman Ummi: Ka je ka roƙi mai gidanka ya mayar maka Nuwamba. In ya ƙi, ka yi amfani da shi ka yashe kwatar ƙofar gidanku.

Ɗan Mabera: Anti ke dai ba ki raga min.

Abban Sadik: To kada Agustan ta tafi a banza. A je Kwatarkwashi mana, ga dutse nan kusa da Gusau.

Baba Direba: A'a. Ban kai ɗiyan mutane hawan dutse wajen nan yanzu, kuma ba don ruwa ba. Kowa ya gane.

Malam na Kanwuri: Ku je Wurno. Tafiyar safe ce a dawo da la'asar. Garin a kan tudu yake, kuna hawa kuna hango fadamar Rima shimfiɗe, a wannan watan kore shar da shinkafa. Ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu a 1837 kuma can kabarinsa yake. Da yawanku kun san sunan duwatsun Taraba amma ba ku taɓa zuwa ba. Sai dai ko can a tambayi mutanen gari labarin hanya da na gulbi kafin a tashi, kuma kada wani ya ce zai gangara bakin ruwa ɗaukar hoto.

Injiniya: A kuma duba sanarwar kwana uku ta hukumar hasashen yanayi, NiMet, kafin ranar. In an yi ruwa mai ƙarfi daren Juma'a, a bar ta sai wata Asabar.

Jagoran Tafiya: To ga yadda za a yi. Na saka ƙuri'a a sama: ƙarshen Nuwamba, ko a bar Agusta yadda take. Za a rufe gobe bayan isha'i. Wanda Nuwamba ba ta yi masa ba ya yi wa Maman Ummi magana.

Maman Ummi: Amma a sani, kuɗin da aka ba mai mota na kafin alƙalami ba su hannuna. Baba, kai ka haɗa mu da shi, sai ka taya mu magana ya mayar da ranar kada ya ce sun ƙone. Wanda zai fita zan ba shi abin da ke hannuna yanzu, ragowar sai mai mota ya amsa.

Baba Direba: Ni kira shi da sahe in Allah ya so. Yaron kirki na, ba ya ƙi ba. Shi ma ba son hawan ga shikai cikin malka ba, kunyata ta sa yak karɓa.

Ɗan Mabera: Na danna Agusta, ko ni ɗai na. Ta Wurno kuma a sa sunana, amma gaban mota nika zama.

Jagoran Tafiya: Gaban mota na Malam ne. Masu zuwa Wurno su rubuta suna a ƙasa kafin Alhamis, in san ko bas ɗaya ta isa.